Yadda Bindigar Tsuntsaye Ta Sauka Kwari

Shekarar da jan-baki suka yi mana yawa, ina aiki a gidan rediyo a Gure, ina karanta labarai da sanarwa. Wata Talata da hantsi na fito daga ɗakin magana na tarar da kawuna, ƙanen mahaifiyata, zaune a kan kujerata. Ya ɗora zangarniyar dawa guda a kan tebur. Rabinta na sama babu ƙwaya ko ɗaya.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau. Duba nan."

"Na gani."

"Jiya da safe cikakkiya ce."

Jan-baki ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, sai dai ba ya tafiya shi kaɗai. Idan gungunsu ya tashi daga kan itatuwa, daga nesa sai ka ce hayaƙi. Sun fi son dawa lokacin da ƙwayarta take ruwa-ruwa kamar madara, kuma dawar Kawu a daidai nan take. Sauran kamar kwana ashirin ta yi tauri a yanke. Geronsa na tudu bai yi ba a shekarar, saboda haka abin da gidansa zai ci har wata damina yana tsaye a gonar nan, tsuntsaye suna karya kumallo da shi.

Gonar tana cikin wani kwari tsakanin tuddan rairayi, tafiyar awa guda a moto, wato babur, daga Gure. Ƙauyen mahaifiyata yana kudu da kwarin, wani ƙauye yana arewa, kuma tun zamanin kakanni kowanne yana cewa kwarin nasa ne. Ba rikicin sanda ba ne. A gaisa, a ci goro tare, a yi auratayya, sannan kafin a rabu a tuna wa juna. Mutanen kudu suna noma gefen da ke kusa da su, na arewa ma haka. Kawu ne kaɗai a tsakiya, domin shi ɗan kudu ne, matarsa ƴar arewa, babu ɓangaren da ya san ta inda zai fara korarsa.

"Takardar bindigar nan nake so ka sake karantawa," in ji shi.

"Na karanta ta bara, Kawu, a gaban kowa."

"Bara daban. Ƙila ka yi sauri."

Bindigar da yake nufi wani poroje ne na Turawa, wato shirin tallafi, ya ba ƙungiyar manoman ƙauyenmu. Bututu ne na ƙarfe, tsawon kamu uku, a kan ƙafa uku, da tukunyar gaz a gefe. Ba ta da harsashi. Duk minti bakwai takan tara gaz ta yi tsawa guda, tsuntsaye su watse. Amma zamanin ya zo da cewa duk abin da ke ƙara kamar bindiga sai hukuma ta san inda yake kwana, saboda haka aka buga mata lamba, jandarma suka rubuta ta, Turawan kuma suka haɗo ta da takarda mai sashe goma sha biyu cikin Faransanci. Ni na fassara ta ranar da aka kawo ta. Sashe na bakwai ya ce ba za a bayar da ita ba, ba za a ara wa kowa ba, ba kuma za a kai ta wani wuri da ake jayayya kan mallakarsa ba. In aka saɓa, za a karɓe ta, wanda ya sa hannu kuma ya amsa tambaya.

Na ɗauki hutu, washegari na goya Kawu a moto muka tafi.

Wanda ya sa hannun shi ne shugaban ƙungiya, wani tsohon soja da kowa ke kira Perzidan. Gero ya riga ya shiga rumbu a ƙauyen, bindigar ba ta da aiki. Tana cikin ɗakinsa a lulluɓe da zanen matarsa, duk Juma'a yana shafa mata mai. Ya fito da takardar daga cikin leda, na karanta sashe na bakwai sau biyu, a hankali, kamar yadda Kawu ya roƙa. Bai sake ba.

"Kwana ashirin kawai," in ji Kawu. "Wa zai sani?"

"Abin da ake ji har Kelle ne kake tambaya wa zai sani?"

"Ai kai ma kana cin tuwo a gidana."

"Ina ci. Amma da wannan yatsan na dangwala." Perzidan ya ɗaga babban yatsansa ya dube shi, mu ma muka dube shi. "Ranar da Turawan suka dawo ba kai za su nema ba. Yatsan nan za su nema, ni kuma ina jikinsa."

Matar Kawu, wadda nake kira Inna, ita ta biyo mu da fura, ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Ta tambaye ni daga ina jayayyar ta fara. Na ce kowa ya yarda daga ƙololuwar tudu zuwa kudu namu ne, daga ƙololuwa zuwa ƙasa ne ake magana.

"To, ku ɗora ta a ƙololuwa mana," in ji ta. "Tsuntsun kurma ne?"

Perzidan ya sa na sake karanta takardar daga farko har ƙarshe, ko akwai inda aka yi maganar nisan da ƙarar za ta iya zuwa. Babu.

Ranar Alhamis da safe muka hau da ita a amalanken jaki. Perzidan ya sa tsohuwar hularsa ta soja. Ya ja layi da sanda a kan ƙololuwar, ya kafa ƙafa ukun duka a kudu da layin. Sai ya lura bakin bututun ya leƙa. Ya ɗaura dutse a igiya ya sako daga bakin, dutsen ya faɗi yatsa huɗu a cikin wurin jayayya. Muka ja da baya. Ya sake gwadawa, ya sa na rubuta cewa dutsen ya faɗi a gida. Sannan ya buɗe gaz.

Tsawar farko ta sa jakin ya koma ƙauye da amalanken ba tare da kowa ba. A ƙasa kuwa gonar Kawu ta yi aman tsuntsaye. Suka tashi baƙi ƙirin, suka kewaya sau biyu, suka sauka a gefen arewa, inda dawar mutanen can take. Kawu ya zauna a kan rairayi ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Turawan nan," ya ce, "Allah ya ba su abin da suke nema."

Kwana ɗaya da rabi muka samu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shugaban ƙauyen arewa, wanda suke kira Bulama, ya ratso kwarin a ƙafa riƙe da lema. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya hawo tudun yana haki, ya tsaya daidai kan layin, aka gaisa har sai da bindigar ta katse gaisuwar sau biyu.

"Perzidan, abin nan naku yana shigo mana."

"Ƙafarta uku, Bulama. Ƙirga. Duk suna kudu."

"Ban yi maganar ƙafa ba. Jiya ina alwala ta sa na zubar da buta."

"Takarda ba ta ce komai kan buta ba."

"Tsuntsayenku kuma suna cikin dawarmu."

"Namu? Ka ga lamba a jikinsu?"

Bulama ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. "Mushe, kai ne mai aikin murya. Ƙara ta wurin da ta tashi ce, ko ta wurin da ta sauka?"

Na ce abin da na sani shi ne, muryata tana tashi daga Gure ta shiga ɗakunan mutane har Gamu, ba a taɓa tsare ta a hanya ba. Ya ce muryata ana iya murɗe ta. Na ce haka ne.

Abin da ke damunsa ba butar ba ce. A ƙauyukan nan, wanda ya yi wa gona tsaron tsuntsu ana ba shi dami ranar yanka, ana kuma cewa yana da hannu a wurin. Idan aka zauna shari'ar ƙasa, cikin tambayoyin da dattawa ke yi har da wannan: wa ya kori tsuntsu a nan? Bulama ya hango shekara goma nan gaba, wani ɗan kudu ya miƙe ya ce mu muka tsare kwarin nan kaf, ku tambayi duk mai kunne. Ba zai bari a yi tsaro da murya ɗaya ba.

Ranar Asabar da sassafe muka hangi mutum huɗu suna mirgino tsohon tano, wato durom na ƙarfe, zuwa ƙololuwar tudun arewa. Maƙerin garinsu ya tsaya a kansa da guduma. Tamu ta yi tsawa, ya buga sau uku. Bayan minti bakwai tamu ta sake, ya sake. Nasu ƙirar gida ne, ba shi da takarda, ko'ina yana iya zuwa, amma don girmama juna suka tsayar da shi a bayan nasu layin.

Na zauna da agogo ina kallon abin da tsuntsayen ke yi. Tamu ta kore su arewa, tanon ya koro su kudu. Zuwa hantsi suka gane cewa akwai wuri guda da ya fi nisa da kowane ɓangare, wurin kuma shi ne tsakiya. Daga nan ba su ƙara wahalar da kansu ba. Tsawa ta tashi, su ɗaga kamu biyu sama da dawar Kawu don nuna ladabi, su koma.

"Da can a ɓarayi suke zuwa," in ji Kawu. "Yanzu rakiya ake yi musu daga gari biyu."

Ya hau wurin Perzidan ya ce a kashe ta gaba ɗaya. Perzidan ya ce in muka yi shiru alhali tano yana magana, to kwarin ya zama na arewa a kunnen duniya, Mai Garinmu kuma ya aiko cewa kada a kuskura. Kawu ya ratsa ya hau wurin maƙeri. Maƙeri ya ce shi da kansa hannunsa ya kumbura, amma Bulama ya ce sai in kudu ta fara yin shiru. Asabar ta wuce haka, Lahadi ma. Layukan dawa na bakin gonar suka koma kara tsura. Kawu ya daina cin abincin rana, yana yawo a cikin gona da gwangwani biyu a hannu, yana zagin tsuntsaye da asalinsu.

Ranar Litinin da hantsi ina tsaye tare da Perzidan a kan tudu. Bindigar ta yi tsawa, sai na ga ƙafarta ta gaba ta nutse kaɗan. Rairayin da ke gabanta ya fara zuba. Ta sunkuya, ta tsallake layin, ta kama gangara a tsaye, ba sauri, tukunyar gaz tana bin ta a baya kamar ɗan akuya. Perzidan ya bi ta taki biyu, ya ga layin, ya tsaya.

"Tsaya," ya ce mata, da muryar soja.

A tsakiyar gangaren ta yi tsawa guda, wadda ta ƙara mata tafiya. Ta isa ƙasa ta ratsa ciyawa ta tsaya a bakin gonar Kawu, ƙafa uku a ƙasa, baki yana kallon dawa.

An tambaye ni sau da yawa, amsata kuma ɗaya ce. Ban ga kowa ya tura ta ba. Gaskiya ne kwana huɗu tana girgiza rairayin nan duk minti bakwai. Gaskiya ne kuma a ƙasa da layin na ga sawun hauya, sababbi, da sawun takalmin taya wanda dunduniyarsa ta hagu ta cinye. Ban bi sawun ba. Kawu dai ya fito daga cikin dawa da takalmansa a hannu, ya dubi bindigar, ya ce, "Ikon Allah."

Perzidan ya hana kowa taɓa ta. A soja, in ji shi, in abu ya faru ba a gyara komai sai an yi rahoto. Ya hau inda waya ke kamawa ya kira Gure. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta, kuma daga tsakiyar kwarin tsawarta tana bugun tudun nan ta dawo ta bugi wancan. Kafin azahar babu jan-baki ko ɗaya, ba a gonar Kawu ba, ba a kudu ba, ba a arewa ba. Maƙeri ya ajiye guduma ya kwanta a inuwar tano.

Washegari wani ajidan, babba a cikin jandarma, ya zo da littafi. Mutum ne mai haƙuri. Ya duba lambar, ya duba gangaren, ya karanta sashe na bakwai da kansa.

"Wa ya kawo ta nan?"

"Rairayi," in ji Perzidan.

"Sunan mahaifinsa?"

Ajidan ya jira tsawa ta wuce, sannan ya rufe littafin.

"In na rubuta mutum ya kawo ta, sai na tafi da mutum. In na rubuta ita ta zo da kanta, shugabana zai ce rana ta taɓa ni. Saboda haka yau ban zo ba. Zan zo bayan mako guda. In na same ta a wurin jayayya, ita da Perzidan za su shiga mota. Ko ku fitar da ita, ko ku fitar da jayayyar, ni duk ɗaya ne."

Yana tafiya Perzidan ya nemo igiya da mutum shida. Suka sauka suka tarar da manoman arewa zaune kewaye da bindigar, kowa ya toshe kunne da auduga, Kawu a tsakiyarsu. Suka ce ba za ta tafi ba sai dawa ta nuna. Perzidan ya yi musu jawabi mai kyau kan doka. Saboda audugar babu wanda ya ji.

Ya dawo sama ya ce mini ba sai ya yi kokawa da kowa ba. Gaz ɗin da ke ciki ba zai wuce kwana biyu ba. Akwai sabuwar tukunya a ɗakinsa, amma ba za ta sauka ba.

"Bindiga ta tafi da ƙafarta, Mushe, kai shaida ne. Gaz ba shi da ƙafa. In ya je, ni na kai shi."

Ranar Alhamis kafin la'asar ta yi wani ɗan tari maimakon tsawa. Muka jira minti bakwai, muka ƙara bakwai. Tsuntsu na farko ya sauka a kan bututun ya goge baki. Kafin a yi sallah hayaƙin nan ya dawo daga yamma, ya rufe kwarin gaba ɗaya, kudu da arewa da tsakiya. Kowa ya ruga gonarsa da abin da hannunsa ya samu. Na ga Kawu yana gudu da faranti da ludayi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, bai tashi da wuri ba. Ya zauna tsakanin kara yana kallon zangarniyar da ke saman kansa tana raguwa.

Inna ta ajiye kwanon da take bugawa. Ta ce wa Kawu ya tashi ya je ya zo da Mai Gari gobe da safe, ko a goye. Ita kuma ta ɗaura gyale a ƙugu ta nufi arewa wurin yayanta. Ban je ba, amma maƙeri ya ba ni labari. Ya ce da Hausa ta yi sallama, daga nan ta koma Barbarci, yaren garinsu, ta fara tun daga ranar da Bulama ya karya mata tulu suna yara. Ta gaya masa in dawar nan ta ƙare, ita da mijinta da ƴaƴa bakwai a gidansa za su ci har kaka, kuma mijin nata yana ƙari.

Ranar Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarma biyu a gindin wata goriba, kusa da bindigar da ta yi shiru. An bar tazarar tafin hannu tsakaninsu don kada su taɓa juna. Mai Garinmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya zauna a ɗaya, Bulama a ɗaya. Ni aka ba alƙalami. Inna tana tsaye a baya da muciya, ta ce tuwo ta baro a wuta.

Babu wanda ya kawo maganar a raba kwarin, ko a bar wa wani. Abin da ake nema shi ne a ajiye jayayyar a gefe na ɗan lokaci. Mai Gari ya ce shi gadonta ya yi, ba zai so a ce a hannunsa ta ɓace ba. Bulama ya ce shi ma haka, kakansa ya sha wahala a kanta.

"Ba ɓacewa za ta yi ba, Yaya," in ji Inna. "Ajiya ce. Ko kaza ana ba maƙwabci."

"In aka ajiye, a hannun wa?" in ji Bulama.

Perzidan ya ce a rubuta tana hannun takarda. Bulama ya ce to a ƙara cewa za a mayar da ita yadda aka karɓe ta, ba ragi ba ƙari. Mai Gari ya ce a rubuta cewa duk tsuntsun da aka kora a wannan tsakanin ba a lissafa shi ga kowa ba. Aka yi rabin awa kan sunan garin da za a fara rubutawa. Na juya takardar a kwance na rubuta su kafaɗa da kafaɗa, sai aka tambayi wanne ne a dama. Na yi biyu, kowa ya ɗauki wadda garinsa ke dama. Lokacin da aka sa shi ne daga wannan rana har sa'ar da damin ƙarshe zai fita daga kwarin.

Perzidan ya ce bai gamsu ba sai an faɗa a rediyo, don Turawa in sun tambaya a ce duniya ta ji. Na hau moto na koma Gure, na karanta ta a sanarwar azahar, tsakanin cigiyar wata raƙuma mai tabo a wuya da gayyatar ɗaurin aure. Na ce ana sanar da jama'a cewa babu jayayya a kan kwari kaza daga yau har a gama yankan dawa, bayan haka za a ci gaba kamar yadda aka saba. Mai haɗa sauti ya dube ni ta gilashi. Ban dube shi ba.

Kafin la'asar Perzidan ya sauka da sabuwar tukunya a kafaɗa, da hularsa, ya ɗaura, ya buɗe. Da ajidan ya zo a ranarsa, ya karanta takardun biyu, ya ce yau ya zo, ya rubuta cewa ya sami bindiga mai lamba kaza a wurin da babu jayayya, cikin ƙoshin lafiya. Aka ba shi rake ya tafi.

Dawar ta yi tauri. Na koma ranar yanka na ƙarshe. Abin da tsuntsaye suka ci ya kai kashi ɗaya cikin uku, Kawu ya ce in aka yi tattali, aka haɗa da rogo, za a ga damina. An kwashe dammunan kowa, nasa ma an kwashe, saura guda a tsakiyar gona. Mai Gari da Bulama duk sun zo da manyan riguna don karɓar ajiyarsu.

Kawu ya sunkuya zai ɗauka, sai Perzidan ya dafe damin. Ya ce da zarar ya fita, jayayya ta dawo, bindiga kuma tana ciki. Ita za ta fara fita. Aka ɗora ta a amalanke, jakin ya kai gindin gangaren, ya waiwayo ya ga abin da aka ɗora masa, ya ƙi gaba. Aka buge shi, aka lallashe shi, aka nuna masa dusa. Rairayin da ya sauko da ita cikin sauƙi bai yarda a hau da ita ba.

"Zauna a kan damin nan," Perzidan ya ce wa Kawu. "Kada iska ma ta motsa shi."

Kawu ya zauna daga hantsi har bayan azahar. Aka kwance jakin, mutanen gari biyu suka kama igiya. Bulama ya miƙa wa Inna lemarsa ya naɗe riga ya sa kafaɗa a bayan amalanken, Mai Gari a gefensa, suna nishi tare, su hau taki uku su zame biyu. Da ƙafar ƙarshe ta tsallake ƙololuwa, Perzidan ya sako dutsensa, ya duba, ya ɗaga hula.

Dattawan biyu suka sauko suna kakkaɓe rairayi, kowa ya koma gefensa. Kawu ya ɗora damin a ka ya juya kudu.

"Ina za ka da shi?" in ji Bulama. "Damin ƙarshe ya fita ta kudu, gobe a ce kwarin can yake kallo."

Ya juya arewa.

"Gidanka a can yake?" in ji Mai Gari.

Na ce musu bisa takarda ba su da damar yin wannan maganar tukuna, tunda damin yana ciki. Suka yarda, kowa ya riƙe maganarsa a baki yana jira. Kawu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya gyara gammo, ya miƙi gabas, inda kwarin ke tsukewa tsakanin ƙayoyi, babu hanya. Muna kallonsa har damin ya ɓace a bayan goriba. A lokacin ne Bulama ya ce gabas ɗin ma ai ta fi kusa da arewa, Mai Gari ya ce a bakin wa ya ji haka.

Sai dab da magariba Kawu ya iso gida, ƙaya ta yaga masa wando har gwiwa. Inna ta sauke masa damin, ta zaro zangarniya biyar ta ba a sussuka. Shi kuwa ya leƙa rumbu, ya zura hannu cikin dawa har kafaɗa bai taɓa ƙasa ba, ya zauna a gindinsa yana cire ƙaya daga ƙafa yana tambaya ko akwai kukar miya a gidan.